Doctor Doom ya cancanci a kashe masa kayan ƙarin girma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga wasan faɗa na waya mai suna Marvel Contest of Champions, na buɗe kiristal, wato abin da ake samun sabbin jarumai a ciki, na samu Doctor Doom. Abokaina a Tudun Wada sai zuga shi suke yi, ni kuwa na ga bugunsa ba ya cin jini sosai. In ɗaga shi ko in jira wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗaga shi. Abin da ka gani gaskiya ne, bugunsa na yau da kullum ba shi da zafi, amma ba don wannan ake neman sa ba. Tun da Kabam, kamfanin da ya yi wasan, ya fito da shi a ƙarshen 2019, aikinsa shi ne hana abokin karawa sakat.

Doom ɗan rukunin Mystic ne, wato masu sihiri, don haka yana da galaba a kan 'yan Cosmic, su kuma 'yan Science suna da galaba a kansa. Sulkensa ba ya fashewa, lantarki ba ya kama shi, kuma in ka tare bugu jinin da ke zuba kaɗan ne. Mai koyo zai ji daɗin wannan.

Sirrinsa yana cikin marinsa, wato bugunsa mai nauyi. In ka ja yatsa dama ya yi matsakaicin bugu, lantarki zai kama abokin karawa na ɗan lokaci. Kafin ya sake shi, danne gefen dama na allo, Doom zai kwaɗa masa bugu mai nauyi, ya sandare, kuma ƙarin ƙarfin da zai samu na gaba ya lalace tun kafin ya zauna. Shi ya sa Hyperion, ɗan Cosmic da ma'aunin ƙarfinsa ke cika da kansa yana addabar mutane, yake yin laushi a hannun Doom. Inda ake kuskure shi ne jinkiri. Ka tsaya jera ƙananan bugu, lantarkin ya wuce, ka danne a banza, a rufe ka da duka.

Sai tsarin sifeshal, wato bugu na musamman da ake saki idan ma'aunin ƙarfi ya cika. Kada ka riƙa zubar da ma'auni da zarar gida ɗaya ya cika. Yi haƙuri har gida uku, ka saki sifeshal na uku, zai ba ka ƙarin zafin bugu da ake kira Fury. Sannan ka yi amfani da na ɗaya wajen kwashe ƙarfin abokin karawa, ka sake hawa na uku tun Fury na farko bai ƙare ba. In biyu sun haɗu, saki na biyu: ba a tare shi, kuma yana cinna wuta. A nan ne za ka ga jinin da kake nema.

Kada ka kai shi gaban jarumin da ake kira Thing, domin lantarki ba ya kama Thing, marin ya tashi aiki ke nan. Human Torch ma ka kauce masa, wuta ba ta cin sa, kuma masu sihiri ne abincinsa.

Wani abu da ba na wasan ba: duk wannan lissafin na daƙiƙa ne. In wayarka ta ɗau zafi, kamar yadda ake fama a Kaduna cikin Maris da Afrilu, allo zai riƙa sarƙewa, marin ya kuɓuce. Cire ta daga caji, rufe sauran manhajoji, ka fara gwada hannunka a fagen atisaye kafin ka shiga yaƙin ƙawance, inda ƙungiyoyin 'yan wasa ke karawa da juna.