Tambayoyinku: Bakina yakan mutu in an tambaye ni zancen Yesu

Tambaya: Mama barka da aiki. Ɗinki nake koyo a wani shago a Kaduna, mu shida ne ni kaɗai ce Kirista. Kwanaki wata abokiyar aikina ta tambaye ni me ya sa muke cewa Yesu ya mutu dominmu, kawai sai na sunkuyar da kai kan keke ina ta ɗinki kamar ban ji ba. Abin yana cina a rai sosai, ya zan yi?

Amsa: 'Yata sannu, kar ki hana kanki barci kan wannan. Manzo Bitrus ma fa da ya yi zama da Ubangiji Yesu, wata baiwa ce kawai ta tambaye shi a bakin wuta ya ce bai san shi ba, amma duba Ayyukan Manzanni sura 4, shi ɗin ne da aka kama shi ya tsaya gaban majalisar Yahudawa yana magana ba tsoro, kuma da aka sake su shi da Yohanna suka koma wurin 'yan'uwa aka roƙi Allah ƙarfin hali. To ke ma ki roƙa, ki sa matan zumunta su taya ki.

Ita wannan yarinyar tambaya ta yi, ba faɗa ta zo da shi ba. Ki same ta lokacin cin abinci ku biyu, ki ce ranar nan kin tambaye ni ban amsa ba, sai ki gaya mata abin da Yesu ya yi miki da bakinki. 1 Bitrus 3:15-16 ta ce a amsa da tawali'u da ladabi, don haka kar ki taɓa addininta ko kusa, abin da ba ki sani ba kuma ki ce za ki tambayo fasto.