Tambaya da Amsa: Za mu koma gindin duwatsun Shere, wurin zai zaunu kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni matar aure ce a Kano, yarana uku, an yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Jos, wani abokinsa ya samo mana gidan haya wajen Lamingo can kusa da duwatsun Shere. Ni tunda nake ban taɓa wuce Zariya ba, kowa sai tsorata ni yake da sanyi ga autana yana da asma. Don Allah ya yanayin wurin yake, akwai inda yara za su ɗan sha iska, kuma wurin zai zaunu?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Masu tsorata ki da sanyi ba ƙarya suka yi ba, sai dai rabin labarin suka ba ki. Jos tana kan tudu ne, tsayinta ya kai mita 1,200 daga bakin teku, Kano kuwa ko 500 ba ta cika ba, kuma duk sanda aka ƙara hawa sama iska ƙara sanyi take. Shi ya sa a watan Afrilu da kuke fama da digiri 40 ana kwana a tsakar gida ana fifita, can zafin bai cika wuce 30 da 'yan kai ba. Kuɗin ƙanƙara da na fanka mai caji dai kin huta da shi.

Amma fa Disamba da Janairu sai kin shirya. Da asuba yakan sauko wajen digiri 11 ko 12, wani daren ma ƙasa da haka, kuma gindin dutse ya fi cikin gari domin da dare iska mai sanyi gangarowa take ta kwanta a kwari. Shekarar farko da na yi hunturu a Jos na tashi zan soya ƙwai na tarar man gyaɗa ya daskare a kwalba sai da na tsoma ta a ruwan zafi, alwalar asuba kuwa in ba ki cika fulas tun dare ba za ki gane kurenki. Kar ki wahalar da kanki da sayen rigunan sanyi a Kano, in kun isa ki shiga kasuwar Katako ɓangaren gwanjo, har da safa da hular sanyi ta yara. Abu ɗaya da nake roƙonki, kar ki kuskura ki shigar da kaskon gawayi ɗaki ki rufe ƙofa da taga, hayaƙinsa ba ya wari amma yana kisa cikin barci. Shi kuma auta sanyi da ƙurar hunturu sukan tayar da asma, ku ga likitansa kafin ku taso, abin shaƙarsa kar ya bar jakarki. Sa'ar da kuka yi asibitin koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingon yake.

Ni inda na fi so ki buɗe ido shi ne damina, wadda ba wanda ya ba ki labarinta. Ruwa kan fara tun Afrilu ya kai Oktoba, yana kusan milimita 1,400 a shekara, wani lokacin har da ƙanƙara tana bugun kwano kamar ana jifa. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya sauka a kansa gangarowa yake da gudu ya nemi hanya, in gidanku ne a hanyar to shi ke nan. A Yulin 2012 ambaliya ta ci mutum sama da 30 a Jos, unguwar Rikkos ta fi shan wahala. Saboda haka kar maigida ya biya kuɗin haya don an turo masa hoton gida da dutse a bayansa ta WhatsApp, ya je da ƙafarsa, ya duba gindin katanga ko akwai shatin ruwa da gansakuka, ya tambayi maƙwabta ba dillali ba, shin keke napep na shigowa layin a watan Agusta? Ya tambayi ruwan sha ma, domin ƙasa mai dutse haƙa rijiya a cikinta aiki ne, wasu gidajen da rani sai sayen tanka.

Wajen shan iska kam kun faɗo a daidai. Ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829, daga sama ana hango gari shimfiɗe, kuma a yankin duwatsun ne makarantar horon shugabanci ta 'yan Man O' War take. Ku tafi da safe, cikin jama'a, da wanda ya san hanya, takalmi mai kama ƙasa ba silifas ba, in hadari ya haɗo ku sauko. A cikin Jos kuma akwai gidan tarihi da aka buɗe a 1952 da gidan zu a gefensa, akwai gandun namun daji, ga Rayfield mai tafki. Sai dai ki ja wa yara kunne kan kududdufan da haƙar kuza ta bari, ruwansu lif kamar ba komai amma zurfi ne da su ga laka, ba wurin wanka ba ne.

Batun zai zaunu, ba zan ɓoye miki ba, tun rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 mutane da yawa a Jos sun koma zama inda nasu suka fi yawa. Mutanen garin suna da kirki da son baƙo, kuma kusan kowa na jin Hausa, amma maigida ya zauna da abokan aikinsa da suka daɗe a can su gaya masa gaskiyar layin, ya ga nisan masallaci da Islamiyya da makarantar boko. Ƙauyukan gindin dutsen nan na Afizere ne, waɗanda muke kira Jarawa, in kun tare ku shiga ku gaida maƙwabta da mai unguwa.

In waɗannan sun yi daidai ni dai na ce ki haɗa kaya. Kabeji da karas da koren wake a kasuwar Farin Gada sai kin gaji da ɗauka, kuma in za ki zo Kano hutun sallah kar ki manta da buhun dankalin turawana.