Baƙo raɓa, ɗan gari kaba: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyi huɗu na zaɓo a wannan karon, don duk sun taru a kan abu guda: wa ke da gari, wa kuma ake cewa cin arziki ya zo.

Wani ɗalibi daga jami'ar nan ta Zinder ya rubuto: "Allah gafarta Malam, kishin da ke cikin 'kishin ƙasa' shi ne na kishiya? In shi ne, ashe ba a kishin ƙasa sai an sami wanda za a ƙi?"

Ɗana, shi ne. Kishi da kishiya tushensu ɗaya. Kada dai ka haɗa shi da ƙishi mai ƙugiya, wannan na maƙogwaro ne, ruwa ke maganinsa. Amma kishi ya fi ɗakin mata faɗi, ko da yake an ce kishi kumallon mata. In aka ce wane ba ya kishin kansa, ko ba ya kishin gidansu, ba wanda ya kawo zancen abokin gaba. Ana nufin bai damu ba ko an ga wallensu. Mai kishin zuci shi ne wanda ba ya yarda a gan shi a wulaƙance. A nan kishi tsare mutunci ne. Na kishiya kuwa ƙyashin wanda ya zo raba ka da abin da kake ganin naka ne kai kaɗai. Kalma ɗaya ta ɗauki biyun, shi ya sa ɗan siyasa kan fara jawabi da na farko ya ƙare da na biyu, masu tafi ba su lura da inda ya karkata ba.

Ita ma "ƙasa" sai an kula. Kakanninmu in sun ce ƙasa, ban da turɓayar da ake takawa, ƙasar sarki suke nufi: Damagaram, Katsina, Gobir, Borno. Ƙasa mai tuta da take da katin shaida ta jiya-jiya ce. Nijar ta zama jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, ta sami ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960. Iyakar da ta raba Matamaye da Daura kuwa Faransa da Ingila suka shata ta a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, ba tare da sun tambayi ko mai unguwa ɗaya ba. Ko a lokacin gwagwarmayar ƴanci, kalmomin ba su san da iyakar ba: "sawaba" ita ce kirarin jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, ita ce kuma sunan jam'iyyar ɗan gwagwarmaya Djibo Bakary a nan Nijar.

Tambayar ko mece ce ƙasa ta daɗe tana ci wa Turawa tuwo a ƙwarya. Bayan Jamus ta ƙwace yankin Alzas da Loren daga Faransa a 1871, malaman Jamus suka ce mutanen wurin Jamusawa ne tunda harshensu ke nan. A 1882 masanin Faransa Ernest Renan ya yi lacca a jami'ar Sorbon ya ce a'a: al'umma ba jini ba ce, ba harshe ba, ba addini ba. Abin da aka sha tare ne a da, da kuma yardar ci gaba da zama tare, yardar da ake sabuntawa kullum. Ni ra'ayina ya fi karkata nan, don in aka ce harshe ne ƙasa, to Damagaram da Kano ƙasa ɗaya ne, Damagaram da Tillaberi kuwa ba abin da ya haɗa su, kuma ka san ba haka muke zaune ba.

Wani ɗan kasuwa daga kasuwar Dole ya aiko da ƙorafi. Sun yi sa-in-sa da maƙwabcinsa a kan rumfa, maƙwabcin ya jefe shi da "baƙo raɓa, ɗan gari kaba". Shi kuwa a unguwar Zango ta nan Zinder aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, kakansa ne ya zo daga Azbin. Ya ce, "Malam, yaushe baƙo ke daina zama baƙo?"

Alhaji, bari mu fara da karin maganar. Raɓa da dare take sauka, hantsi na dubawa ta tafi. Kaba kuwa, ƴar goribar nan da ake tabarma da igiya da ganyenta, duk manomin da ya taɓa gwada cire ta daga gona ya san halinta: ka sare ta bana, baɗi ta tofo, saiwarta ta yi nisa. Ma'anar ita ce baƙo mai wucewa ne, kada ka ɓata da ɗan gari saboda shi. A wani bakin kuma lallashi ce, a yi haƙuri da baƙo, kwana nawa zai yi? Ka ga ashe awon da karin maganar ta yi na lokaci ne. Ba ta ce komai a kan jini ko asali ba. Gidan da ya binne kaka da uba a gari ɗaya ya wuce a kira shi raɓa. Maƙwabcinka ya ɗauko magana mai kyau ya ajiye ta inda ba wurinta ba.

Hausa ta jera matakan nan daki-daki. Akwai matafiyi, mai kwana ɗaya. Akwai ɗan cirani, wato mai "cin rani": ya gama girbi, ya tafi Kano ko Legas ko Libiya neman na kashewa, damina na faɗuwa ya dawo gona. Akwai wanda ya yi ƙaura, ya kwashe iyali da komatsai don ransa. Akwai ɗan gudun hijira, wanda yaƙi ko yunwa ta koro, kamar mutanen da rikicin Boko Haram ya tarwatsa a Difa. Sannan akwai wanda ya yi kaka-gida, ya zo da niyyar komawa, zama ya miƙe, har ƴaƴansa ba su san wani gida ba. Daga nan sai ɗan gari. Baƙunta a Hausa hali ne mai ƙarewa. Masanin zamantakewa na Jamus, Georg Simmel, ya rubuta a 1908 cewa baƙon da ke damun al'umma shi ne mai zuwa yau ya zauna gobe, ba mai zuwa yau ya tafi gobe ba. Bahaushe ya riga ya raɗa wa wannan mutumin suna.

Sunan unguwarku ma shaida ne. Zango masaukin ayari ne, inda fatake ke sauke kaya su huta, daga nan muka sami zangon karatu da gajeren zango na rediyo. Birni na da sarki da ganuwa, wadda aka gina zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19. Zango na waje, inda raƙuman Azbin ke durƙusawa da gishirin Bilma. Masaukin kwana kaɗan ne ya zama unguwa mai soraye da zanen bango da baƙi ke zuwa ɗauka hoto. Su kansu sarakunan Damagaram asalinsu daga Borno yake. In za a bi salsala a kori duk wanda kakansa ya zo daga wani wuri, ban san wa zai rage ya rufe ƙofar gari ba.

Kuma kada mu manta mu ma baƙin wasu ne. Kalmar zango ta bi fataken goro har Kumasi da Akara da Lome da Kwatano, inda unguwar Hausawa ke amsa sunan Zongo har yau. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka kwaso mutane har da waɗanda a can aka yanke musu cibiya. A 1983 Najeriya ta Shagari ta yi irin nata, ƴan Nijar da yawa na cikin waɗanda aka koro. A duka biyun tattalin arziki ne ya tsuke, sai aka tuna da "gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa". Mai jifa da raɓa a kasuwar Dole ya tuna yana da ɗan'uwa a wani zangon.

Wata ɗaliba ta tambaya ko "baƙin haure" na nufin baƙar fata, don ta ji ana faɗa wa masu ƙetara teku zuwa Turai.

A'a, ƴata. Rubutun boko ne ya ruɗe ki, don ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Baƙi jam'in baƙo, a ɗinsa doguwa ce, murya na farawa ƙasa ta hau. Baƙi na launi, a ɗinsa gajeruwa ce. Haure kuma gurbi ne a katanga ko ganuwa inda ta zube, mutane ke haurawa maimakon su bi ta ƙofa. Baƙon haure shi ne wanda ya shigo ba ta ƙofa ba, wato ba da takarda ba. Ni dai ba na son a riƙa yayyafa ta ga kowa. Wanda ya je ɗaurin auren ƙanwarsa a Maigatari ba haure ya yi ba, hanyar ta girmi iyakar. Mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba 2013, galibi mata da yara, da yawansu daga yankin Kance, a gida sunansu ƴan cirani, talauci ya fitar da su. Sai a bakin hukuma da gidan rediyo suka koma baƙin haure.

Ta ƙarshe daga wata malamar lakwal ce a Mirriya. Ta ce karin magana biyu sun ruɗa ta: "kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi", da kuma "in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka". Wanne za ta koya wa yara, kowa ya riƙe al'adarsa ko ya saje?

Malama, koya musu duka biyun, ki kuma gaya musu karin magana ba doka ba ce, muhawara ce da magabata suka bar mana ba su yanke ba. Manyan ƙasashe ma a nan suka rabu. Kanada ta ɗauki ta tsuntsu: a 1971 gwamnatin Pierre Trudeau ta mai da zaman al'adu daban-daban tare manufar hukuma. Faransa ta fi son ta wutsiya: ka zama Bafaranshe a fili, al'adarka ka bar ta a gida. Kowace na da ciwonta. Ta farko kan iya zama zaman ƴan marina, kowa da inda ya sa gaba. Ta biyu kan haɗiye ƙarami.

Mu muna da dabara ta uku, taubasantaka, wadda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Bafillace da Babarbare, Bazabarme da Buzu, Bakano da Badamagare: kowa na nan da sunansa da harshensa, amma an mai da tsohuwar gaba abin dariya. Dakarun Damagaram sun kai wa ƙasar Kano hari a ƙarshen ƙarni na 19, yau jikoki a tasha suke tsokanar juna a kan wa ya fi wa.

Sai dai in ja kunnenmu mu Hausawa. An ce Hausa ba dabo ba ce, kowa ya zauna da mu sai ya iya. A Birni akwai gidajen da kaka ke jin Barbarci, jika ko gaisuwa bai iya ba, ba kuma wanda ya tilasta masa. Tun da kundin mulkin Nijar na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma na aiki, nauyin ya ƙaru a kanmu. In a ajinki akwai ɗan Tubawa ko ɗan Fulani, ki sa shi ya kawo karin magana ɗaya daga gidansu ya faɗa da harshensu, ya fassara wa sauran, a rubuta ta a allo kusa da ta Hausa.