Tasiri Daban, Sakamako Daban

Tambaya: Malam, na ji ana maganar "auna tasirin kuɗin da gwamnati ke zubawa a binciken lafiya". Ashe tasiri da sakamako ba ɗaya ba ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, kuma cakuɗa su da masu labarai ke yi ya daɗe yana damuna. Sakamako daga "sāka" ya fito, wato abin da aiki ya mayar maka. Tasiri kuwa aro ne daga Larabci, tushensa "athar", sawun da abu ya bari bayan ya wuce. In masana sun wallafa takardu, an yaye ɗalibai, an yi wa sabon magani rajista, duk sakamako ne, da yatsa ma a ƙirga. Tasiri sai an je wurin marar lafiya: nawa suka tashi, yara nawa suka tsira?

Ga misali. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa shirin neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Daga nan masaniyar haɗa magunguna Tu Youyou da abokan aikinta suka gano artemisinin a farkon shekarun 1970, maganin da ya ceci miliyoyin rayuka, amma sai a 2015 ta samu kyautar Nobel. Da a 1969 aka kawo ma'auni, cewa za a yi kuɗi sun bi ruwa. Wanda bai bambance kalmomin nan ba, shi ne zai yanke wa masu bincike kuɗi tun sawun bai fito ba, abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Tambaya: Aunawa za a ce ko kimantawa?

Amsa: Abin da ke da ma'auni ake aunawa, kamar yawan mace-mace. Amma in mutuwa ta ragu, nawa ne rabon bincike, nawa na ruwa mai tsabta da gidan sauro? Wannan kimantawa ce, a daina kiranta awo.

Tambaya: Ya dace a kira kuɗin gwamnati "jari"?

Amsa: Ya dace. Ribar dai lafiyar jama'a ce.

Tambaya: Malam, "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta" ta shafi bincike?

Amsa: 'Yata, ba ko'ina take shiga ba. Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna RTS,S a 1987 aka ƙirƙiro ta, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar yi wa yara ita ba sai a 2021. Nan "sannu ba ta hana zuwa" ta fi dacewa.