Amsa kan yawan nas a ɗakin marasa lafiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare. Malam, na saurari tambayarka, inda kake cewa tunda likita ne yake gano cuta ya rubuta magani, mene ne zai canza ko nas biyu ce a ɗaki ko biyar. Zan ba ka amsa ne a matsayina na wadda ta daɗe tana aikin jinya a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata.

Likita yakan yi zagayensa ya tafi, nas ce take kwana da majinyaci. Shi kuwa jiki ba kasafai yake rikicewa farat ɗaya ba, yakan ɗauki sa'o'i yana nuna alama. Wanda jini yake zuba ta cikinsa bayan tiyata, bugun zuciyarsa ne zai fara sauri, numfashinsa ya ƙaru, fitsarinsa ya ragu, sai can daga baya awon jininsa ya faɗi ƙasa. Awo ɗaya ba ya tona wannan. Wadda ta auna shi da ƙarfe 10, ta dawo ƙarfe 12 ta ga numfashin da yake 18 a minti ya kai 26, ita ce za ta kira likita tun da sauran dama.

To, mu yi lissafi. A ce gadaje 30 ne, nas biyu ke aikin dare, kowacce tana da mutum 15. Idan awon kowane mutum ya ci minti 5, zagaye ɗaya ya cinye minti 75, ba a yi allura ba, ba a canza ledar ƙarin ruwa ba, ba a wanke ciwo ba, ba a juya wanda ba ya iya juyawa don kada gyambon kwanciya ya kama shi ba. Abin da yake ci mini rai shi ne, idan aiki ya yi yawa ba magani ake fara bari ba, domin shi ana sa hannu a kansa kuma za a tambaya. Ƙirga numfashi ake bari, wanda yake bukatar mutum ya tsaya cikakken minti guda, alhali yana cikin alamun da suke fara canzawa.

An bincika wannan da alƙaluma. A shekarar 2002, Farfesa Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania a Amurka da abokan aikinta sun duba asibitoci 168, suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana tare da ƙaruwar haɗarin mutuwa cikin kwana 30 da kashi 7 cikin ɗari. A 2014 suka sake binciken a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, adadin ya sake fitowa kashi 7. Jihar Kaliforniya kuwa doka ta kafa, wadda ta fara aiki a 2004, kuma a yau nas ɗaya ba ta wuce mutum biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari, biyu a ɗakin kulawa ta musamman.

Mu a nan masu zaman jinya ne suke cike gurbin, kuma Allah ya saka musu da alheri, amma ba a koya musu karanta waɗannan alamu ba. Saboda haka, Malam, idan zaman jinya ya kama ka, ka ga numfashin majinyacinka ya yi sauri, ko ya fara sambatu, ko ya daɗe bai yi fitsari ba, kada ka jira zagaye ya zo kanku. Ka tashi ka sami nas, ka faɗa mata abin da ya canza da lokacin da ya fara.