Me ya sa ƙujewar ke dawowa bayan an shafa mai?

Ka ce ka lafta wa hancin takalmin nan Kiwi, da ka buga buroshi sai tabon ya sake fitowa fari. Ɗana, man takalmi ba ya zama a kan ƙura, ba ya kuma cike rami. Fatar ake fara gyarawa.

Zare igiyar, ka kakkaɓe ƙura, har wadda ta maƙale a bakin ɗinki. Goge da tsumma mai ɗan danshi, ka bar shi a inuwa minti 15. Sannan ka shafa wurin da yatsa. In sumul yake, launi ne kawai ya tafi. In ka ji kaushi, fatar ce ta ji rauni.

A nan yara suke ɓata aiki. Idan wani ɗan ɓallin fata ya ɗago, kada ka cire shi. Ɗebo gam da bakin tsinken sakace, ka sa a ƙarƙashinsa, ka danne da bayan cokali sai ya kwanta. Kaushin da ya rage ka bi shi da samfefa mafi laushi, sau biyu ko uku, ta gefe ɗaya. Wurin da ya yi fari fat yana son rini tukuna, ya bushe sarai, don mai kaɗai ba zai rufe shi ba.

Man kuwa, kwatankwacin ƙwayar wake ya ishi hancin takalmi ɗaya. Naɗe tsumma a yatsa biyu, ka murza shi zagaye-zagaye, ka jira minti 10, ka buga buroshi. Maimaita sau uku. Shafi mai kauri ba ya bushewa, buroshi ke kwashe shi gaba ɗaya, abin da ya same ka ke nan. A na ƙarshe ɗiga ruwa ɗaya ka murza a hankali, sheƙi zai taso. Wurin lanƙwasar yatsu kuma kada ka tara mai, zai tsattsage ya yi fari.

In takalmin ruwan ƙasa ne kuma ba ka da launinsa daidai, ɗauki wanda ya fi haske, domin fatar da ta ƙuje tana shan mai ta yi duhu. Buroshin baƙi daban, na ruwan ƙasa daban.

Da hunturu fata na bushewa, sai a ɗan shafa man kaɗanya kafin na takalmi, amma gwada a dunduniya tukuna don yana duhunta launi. Wanda ruwan sama ya jiƙa, cusa masa jarida ya bushe a inuwa. Rana ko wuta na sa fata ta ƙandare, ta tsage.