Yadda nake gane tazargade tun tana kan faifai

Jiya muna kulle shago ka tambaye ni yadda nake gane tazargade mai kyau da kallo ɗaya, alhali kai duk busasshen ganye mai ruwan toka ɗaya ne a idonka. Na ce ka bari sai da safe, don ba amsar tsaye ba ce. To zauna, ɗana.

Abin da ke wahalar da kai shi ne a buhu kaɗai ka santa, ba ka taɓa ganinta da ranta ba. Gajeren tsiro ne mai itace a gindi, da rassa cunkus, tsayinta da wuya ya wuce cinyar mutum. Gidanta hamada, a kwarin rairayin da ruwa kan bi in an yi sa'a, irin na duwatsun Ahaggar wajen Tamanrasset a kudancin Aljeriya, har zuwa Masar da Sina'i. Buzayen can suna jefa ta a shayi. Masana tsirrai suna ce mata Artemisia judaica, kuma tana da 'yar'uwa a filayen arewacin Aljeriya da Maroko, Artemisia herba-alba. In ka ji Balarabe ya ce shih, dangin nan yake nufi.

Ɗebo kaɗan ka fito da ita rana. Wannan launin tokar da kake zaton ƙurar hanya ce, busa ka gani, ba za ta tashi ba. Gashi ne ƙanana masu laushi suka lulluɓe ganyen da ɗanyen reshen, su ke kare ta daga zafin rana, su rage ruwan da iska ke zuƙe mata. Ganyen ma ƙanana ne, a tsattsage, don mai faɗin ganye ba ya daɗewa a can. Yanzu murza tsakanin tafin hannunka. Ka ji? Ƙamshi mai yaji da ɗan sanyi kamar na kafur. Mai ne a jikin ganyen, kuma kuɗin da mai saye ke biya na wannan man ne. Wadda ta kwana biyu sai ka kai ta hanci kafin ka ji komai; sabuwa kuwa, buɗe bakin buhu kaɗai ya isa maƙwabci ya san ka yi sari.

Inda nake fi dubawa shi ne furen. Ka ga waɗannan 'yan ƙulle-ƙullen masu ɗorawa-ɗorawa, da kyar suka ɗara ƙwayar gero? Ɗora ɗaya a farce ka fasa. Abin da kake zaton fure guda, taron furanni ne ƙanana a kai ɗaya, ɓawo ya tattare su ta ƙasa. Wannan ita ce shaidar danginsu gaba ɗaya, kuma dangi ne babba: shuwaka tana ciki, latas ma haka. Sai dai ita tazargade ba ta yi wa furenta ado ba, domin iska ce ke kai mata garin fure, ba ta jiran zuma. Ga kuma abin da zai yi maka amfani a ciniki: irin shuwaka yana da ɗan gashi a ka kamar auduga, da shi yake tashi, na tazargade kuwa ba shi da shi. In ka ga farin gashin nan yana yawo a faifai, an cakuɗa maka da wani abu.

Ni ma da kuɗina na koya. Ina saurayi na sari buhu wajen wani baƙo, na shinshina sama na biya. Da na zazzage, rabin ƙasa tsinke ne da ganyen da ban san ubansa ba. Tun ranar nake cusa hannu har gwiwar hannu, in ɗebo daga gindi.

Sai maganar da na ji kana yi wa wata hajiya shekaranjiya, wai da tazargade ake yin maganin maleriya na asibiti. Kada ka ƙara. Wancan tsiron Artemisia annua ne, dangi ɗaya amma ba ita ba: kore ne shar, na shekara guda, yana iya kai tsayin mutum. Daga shi Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da artemisinin, sinadarin maganin maleriyar, a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Da Madagaska ta fito da ruwan maganinta na wancan tsiron a 2020 lokacin korona, sai kowa ya haɗa shi da tazargade, sunan ya ruɗi mutane. Mai neman ta don turare ko wanka, auna masa. Wanda ya zo da yaro jiki ya yi zafi, nuna masa hanyar asibiti a gwada jini. Mai ciki kuwa kada ka ba ta ta sha, ko ta nace, don man nan yana da ƙarfi.

Tashi ka ɗaga buhun can daga ƙasa ka ɗora kan katako, ka ɗaure bakin sosai. Damina ta kusa, in ya sha lema fari zai koma baƙi-baƙi, ƙamshin ya koma na ruma.